Littafin Motar Baffa da Bel Ɗin Ganin Ido

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Bauranya, na tarar Baffana ya sauya mota. Honda ce, irin wadda muke kira Beljiyam ko da kuwa tayarta ba ta taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Wannan daga Amurka aka yo jigilarta. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida sai yara suka buɗe aljihun gaban motar, suka zaro wani littafi mai kauri kamar ƙamus, fes da shi, da alama ko mai motar na farko bai taɓa buɗe shi ba. Baffa ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka yi boko har jami'a, karanta mana abin da Bature ya ce a yi da mota."

Na fara karantawa ina mayarwa da Hausa, kafin a jima majalisa ta cika. Akwai shafi sukutum a kan yadda ake ɗaura wa taya sarƙa idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Wani dattijo ya ce a naɗe shafin a ajiye, ba a san abin da Kusada za ta gani ba kafin tashin duniya. Akwai bayanin abin da mutum zai yi idan ya haɗiye ruwan batir. Akwai gargaɗi a kan na'urar ɗumama kujera, wai kada ta ƙona mai zama, a ƙasar da kujera ke ƙona mutum a watan Afrilu ba tare da taimakon kowace na'ura ba. Har barazanar ma hawa uku aka yi mata, kowace da nata akwatin: wadda ke cewa za ka mutu, da wadda ke cewa kana iya mutuwa, da wadda ke cewa kana iya jin ciwo. Da na nuna musu rubutun da ke jikin madubin gefen dama, mai cewa abin da ka hango a ciki ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato, liman ɗinmu ya gyaɗa kai ya ce wannan ai wa'azi ne a kan mutuwa, Bature ya sace ya manna a gilashi.

Dariyar da ta fi kowace ƙarfi ta zo ne a babin kujeru. Littafin ya ce bel ɗaya na mutum ɗaya ne, kada biyu su haɗu a kansa. Ya ce kada a rungume yaro a cinya mota tana tafiya. Ya ce kada kowa ya zauna a but. Wani maƙwabcinmu da ke jigila da Golf tsakanin Kankia da Katsina ya riƙe ciki, ya ce in ya bi wannan littafin ko kuɗin mai ba zai mayar ba. Ni ma na yi dariyar, har da ƙwalla. Sai da dare ya yi na lura da cewa mun zuba shafin sarƙar ƙanƙara da shafin bel a kwando ɗaya, muka kira su duka shirmen Turawa. Na farko bai shafe mu ba. Na biyun kuwa bayani ne filla-filla na yadda ake mutuwa a kan titin da ya bi ta Yashe da Kankia da Charanchi, titin da kowa a majalisar nan ya taɓa zuwa ta'aziyya saboda shi.

Jimlolin nan masu ban dariya suna da asali. A 1965 wani lauya Ba'amurke, Ralph Nader, ya wallafa littafin da ya zargi kamfanonin mota da fifita ƙyale-ƙyale a kan rayukan mutane, kuma a shekarar da ta biyo baya majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon gindaya wa masu ƙera mota ƙa'idoji. A 1968 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Larsen da kamfanin General Motors, ta yanke cewa haɗari abu ne da mai ƙera mota ya san zai faru, saboda haka wajibi ne ya yi la'akari da shi a wajen ƙira. Tun daga nan duk wani hatsarin da kamfani ya hango bai faɗa ba yana iya zama masa diyya a kotu. Shi ya sa lauyoyi suka zauna kusa da injiniyoyi wajen rubuta littafin, kuma shi ya sa yake magana da mai karatu kamar yana magana da ɗan yaye.

Da yawa daga cikin jimlolin gawa ce ta haife su. A bazarar 1998 yara 11 suka mutu a Amurka bayan sun kulle kansu a but ɗin motoci cikin zafi. Abin da ya biyo baya shi ne ƙa'idar da ta tilasta sanya wani ɗan mariƙi mai haske cikin duhu a cikin but, don wanda ya maƙale ya iya buɗewa daga ciki. Duk mai Beljiyam ɗin Amurka ƙirar 2002 zuwa sama ya je ya ɗaga but ɗinsa, zai gan shi yana reto. Shi ma rubutun madubin dole ce ta doka: madubin dama an yi shi da ɗan doro don ya ɗebo hanya da faɗi, kuma doron nan yana ƙanƙantar da abin da ke bayanka, sai tirelar da ke dab da kai ta yi kamar tana can nesa.

Ba zan wanke masu rubuta littattafan nan tas ba. Kamfanin da ya binne shafin da zai ceci ranka a tsakanin gargaɗi ɗari na kare kai daga ƙara ya san sarai ba kowa ne zai tono shi ba. Kuma cikin dubban motocin da ke shigo mana, babu ɗaya da ta taɓa zuwa da layi guda na Hausa. Wasu da Jamusanci suke zuwa, wasu da Faransanci ko Japananci. Wannan nasu ne. Amma namu ya fi girma, kuma a kansa nake son tsayawa.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairun 2003. Yaron da aka haifa a ranar nan yau ya isa aure. Me muka koya a cikin shekarun? Mun koyi inda jami'ai suke tsayawa. Direban da ke tahowa daga ɗaya hannun ya ƙyafta wa namu fitila, namu ya juyo ya ce wa na gaba, "Alhaji, ja bel, suna gaba." Alhaji ya jawo, ya rataya a kafaɗa, ya riƙe bakin da hannu a gefen cinya ba tare da ya cusa shi a makullinsa ba. Da an wuce ya saki, ya shiga kakkaɓe layin ƙurar da ya shata masa a farar shadda, yana tsaki. Layin ƙurar nan shaida ce mai kyau: yana faɗa maka tsawon lokacin da bel ɗin ya yi ba a taɓa shi ba. Na yi hakan ni ma, ba sau ɗaya ba, da digirina da komai.

Mun mayar da bel wata takarda da ake nuna wa hukuma, ɗan'uwan lasisi da takardun mota. Kuma mutum ba ya nuna takarda a inda babu mai tambaya. Wanda zai tambaye ka bel da gaske ba ya sa kaki, ba ya karɓar haƙuri, kuma babu direban da zai ƙyafta maka fitila kafin ka iso gare shi.

Ga abin da ke faruwa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, duk abin da ke cikinta gudun da yake yi ke nan: kai, da buhun da ke baya, da jaririn da ke cinya. Ba ka jin gudun ne saboda kuna tafiya tare. Idan motar ta daki bishiya ko gindin tirelar da aka bari a hanya ba alama, ita ce ta tsaya. Kai ba abin da ya tsayar da kai. Za ka ci gaba da gudunka har sai ka sami abin da zai tare ka, kuma abin da ke gabanka sitiyari ne, ko gilashi, ko ƙeyar wani. Ƙarfin da za ka isa da shi daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 14, wato kusan daga ƙololuwar Hasumiyar Gobarau. A kilomita 100 kuwa, gudun da direbobinmu ke ɗauka a matsayin lallaɓawa, tsayin ya zama mita 39, Gobarau biyu da rabi an ɗora a kan juna. Lissafin ba ya tafiya a miƙe: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin dukan ya ninku sau huɗu.

Gaban mota an ƙera shi ne don ya lotse. Mutanenmu kan yi wa motocin zamani ba'a da cewa gwangwani ne, su yabi tsohuwar Fijo 504 ta Kaduna da cewa ƙarfe ce, amma lotsewar nan da gangan ce, domin ita ke shanye dukan, ta tsawaita lokacin tsayawa. A ce motar da ke gudun kilomita 50 ta lotse da rabin mita kafin ta tsaya cik. Duk abin zai ƙare cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ta kammala, kuma a cikin ɗan lokacin nan nauyin kowane abu yana ninkuwa kusan sau 20. Jaririn kilo 10 ya zama kilo 200, buhu biyu na masara. Wace uwa ce za ta riƙe buhu biyu na masara da aka fizge daga hannunta babu sanarwa? Babban mutum mai kilo 70 ya zama buhu 14. Wanda ke cewa zai dafe dashbod da hannu in abu ya taso, ya gwada tare buhu 14 da tafin hannunsa tukuna. Kuma amfanin lotsewar nan ba ya isa ga kowa sai wanda yake ɗaure da motar, yana rage gudu tare da ita. Wanda ba ya ɗaure, motar ta gama tsayawa kafin ya iso, sai ya daki abin da ya riga ya sandare.

Bel ɗin da muke gani yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu a ɗauri ɗaya, aikin wani injiniyan Sweden ne, Nils Bohlin, wanda ya baro aikin ƙera kujerun tsira na jiragen yaƙi a kamfanin Saab ya koma Volvo. A 1959 aka fara sa shi a mota, kuma Volvo ta bar wa sauran kamfanoni damar kwaikwayonsa. Hikimar tana wurin da igiyar ke kwanciya: ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da na kafaɗa, wuraren da suka fi ƙarfi a jikin mutum. Igiyar kanta, mai faɗin kusan santimita 5, an saƙa ta ne yadda za ta ɗauki fiye da tan biyu, kuma tana ɗan miƙewa don ta sassauta fizgar. Wanda ya zura ta ƙarƙashin hammata ya ɗora dukan a kan haƙarƙari. Wanda ya bar ta ƙasan ta hau kan tumbi ya ɗora shi a kan hanji da hanta. Mai juna biyu ma ana so ta ɗaura, igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin cikin a kan ƙugu, ta sama ta bi tsakiyar ƙirji ta kauce wa cikin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa yana ɓoye a cikin ginshiƙin ƙofa, bayan murfin roba. Igiyar tana naɗe a kan wani ɗan gangan ƙarfe mai sifirin, kamar tef ɗin awo na magina da ke komawa gidansa da kansa. A gefen gangan akwai faifai mai haƙora. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe zaune a cikin ƙoƙo. Muddin mota na tafiya lafiya, ƙwallon yana zaune a tsakiya, igiya tana shiga tana fita, kana iya sunkuyawa ka ɗauko wayarka. Da an taka birki da ƙarfi, ko motar ta karkata za ta kife, sai ƙwallon ya gangara gefe, ya ɗaga wani ɗan harshe, harshen ya faɗa tsakanin haƙora, gangan ya ƙame. Akwai kuma kariya ta biyu wadda ke kula da saurin jan igiyar: in ta fita a hankali ba ruwanta, in an fizge ta sai ta cije. Babu batir a cikin wannan, babu kwamfuta. Kowa na iya gwada nasa a tsaye: ka ja a hankali, sannan ka fizga. In bai cije ba, abin da ke motarka ado ne.

A nan ne rashin sani yake yin ɓarna mai ban takaici. Mutum ya fizgi bel da gaggawa saboda ya hango jami'ai, bel ya cije, sai ya ce ya lalace. Ko ya faka mota a kan gangare, ƙwallo ya karkata, igiya ta ƙi fita, sai ya kai wa bakanike. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo aka warware wannan matsalar ta hanyar zare ƙwallon a jefar. Mai motar ya ja igiya ta taho sumul, ya yaba wa yaron, ya ƙara masa na shan ruwa. Ya biya kuɗi an cire abu guda da ya sa igiyar ta zama bel.

Motocin da suka fi sabunta suna da ƙarin abu biyu. Na farko, wanda Mercedes ta fara sawa a 1981, ɗan albarushi ne a jikin gangan ko makullin; idan na'urar motar ta ji duka mai ƙarfi sai ta tayar da shi, ya ja igiyar baya cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba, ya manne ka da kujera tun kafin ka fara tafiya gaba. Na biyu wani sandan ƙarfe ne a tsakiyar gangan wanda ke murɗewa idan matsin ya kai wani mizani, ya sakar maka igiya kaɗan don kada ita kanta ta karya ƙirji. Ɗaya yana ja, ɗaya yana saki, duk a cikin lokacin da kai ba ka ma gane an yi karo ba. Albarushin nan sau ɗaya yake aiki. In ya tashi, bel ɗin ya gama rayuwarsa, sauyawa ake yi.

Wannan ya kawo mu ga kasuwar Beljiyam. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga motocin da ake kawo mana daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan sun yi haɗari. Gyaran bodi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a manne murfin sitiyari a kan ramin da jakar iska ta fashe ta bari, a ɓalle bel ɗin da ya ƙame a mayar da shi yana lilo, sannan a kashe fitilar da za ta tona asiri. Mai saye yana da hanyar kare kansa wadda ba ta cin ko kwabo: idan ka murɗa makulli, fitilar SRS ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa dole ta kama na wasu daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta zauna a kunne, akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wani ya riga ka zuwa wurin. Ga kuma batun jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da laima har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe. An janye miliyoyinsu a Amurka, kamfanin ya durƙushe a 2017, amma wasiƙar kiranye ba ta bin mota zuwa Kankia. Lambar mota mai harafi da alƙalami 17 da ke gindin gilashin gaba ta isa a duba a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko an gyara ta.

Harafin farko na SRS ɗin nan yana nufin ƙari ne. Jakar iska ƙari ce a kan bel, an lissafa ta ne a kan cewa mutum yana ɗaure a inda ya kamata. Tana fitowa da gudun da ke iya kai kilomita 300 a awa. Wanda ke ɗaure yana iske ta ta riga ta cika ta fara saki, ta karɓe shi kamar matashi. Wanda ba ya ɗaure yana haɗuwa da ita a hanya tana tsakiyar fitowa. Amma a kasuwanninmu har ɗan ƙarfe ake sayarwa mai siffar bakin bel, a cusa a makulli don motar ta daina ƙara. Kada mu ɗauka wannan wayon namu ne kaɗai. A 1974 an ƙera motoci a Amurka da ba sa tashi sai an ɗaura bel. Jama'a suka yi ta yanke waya suna zagi, har majalisa ta soke tsarin a shekarar. Taurin kai ba shi da ƙabila. Bambancin shi ne su an ci gaba da yi musu bayani shekara da shekaru a harshen da suke mafarki da shi.

Na san hujjojin da ake kawowa, don a gidanmu ma ana kawo su. Ta babbar riga ba ta cancanci doguwar amsa ba. A wanke igiyar da ruwa da sabulu. Ta wuta ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba, domin a ƙasar da ake ɗaukar jarkar fetur a bayan kujera, tsoron ƙonewa a ɗaure tsoro ne na mai hankali. Sai dai wanda zai fita daga motar da ta kama wuta shi ne wanda yake cikin hayyacinsa da ƙafafu lafiyayyu, kuma danna makulli ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Wanda kansa ya daki gilashi ya suma ba ya buɗe ƙofa, ko da ba igiya a jikinsa. Masu cewa gara mota ta wurgo mutum waje su ma sun san labarin mutum ɗaya da ya faɗa a kan yashi ya miƙe. Ba sa ba da labarin waɗanda suka faɗa a kan kwalta, ko motar ta biyo su ta danne, domin waɗannan ba su dawo majalisa sun ba da nasu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Hukumar ce kuma ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Sai hujjar da ake rufe baki da ita: in kwana ya ƙare, ya ƙare. Gaskiya ne, babu Musulmin da zai ja da wannan. Amma mai faɗin ta yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana kai ɗansa asibitin Kankia in zazzaɓi ya yi zafi, yana sa taki a gona. A kan bel ne kawai tawakkalinsa ke cika. Malamanmu sun sha karantar da mu hadisin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Ban san wani misali da ya fi wannan dacewa da igiya ba. Kuma ko da mutum ya yarda ya yi kasada da ransa, ba nasa kaɗai ke cikin motar ba. Wani bincike da aka yi a Japan, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2002, ya gano cewa haɗarin mutuwar na gaba da ya ɗaura bel yana ninkuwa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba. Buhu 14 ɗin nan bayan kujerar wani suke dira. A motocinmu kuwa bel ɗin baya tuni aka tura shi ƙarƙashin kushin, an shimfiɗa leda a kai.

Maganar maƙwabcinmu mai Golf ita ce ta fi kowace wuyar amsawa, kuma ban ga amfanin yi masa wa'azi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafinsa ya ƙara tsuke: biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci yara a but, ko kuma ya kwana da bashi. Fasinja ma ba zai iya biyan kuɗin kujera cikakkiya ba. Amma mu kira abin da sunansa. Na biyun da ke zaune a kan hambirki, kafaɗarsa a jikin direba, an sayar masa da wurin da babu bel, babu jakar iska, babu komai tsakaninsa da gilashi, kuma an karɓi kuɗi daidai da na kowa. Tsarin nan ba a ɓoye ake yin sa ba. A tasha ake lodi, da rana, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin kamasho a kan kowace mota. Ƙungiyar da ta iya hana direba lodi saboda ya tsallake layi ta iya hana shi fita da makullin bel a karye. Ba ta ga dama ba ne, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Nawa abokan aikin ma suna da kaso. Mukan rubuta cewa mutum kaza sun rasu a hanyar Kano zuwa Katsina, jami'i ya ɗora laifi a kan gudun wuce sa'a, ya yi kira ga direbobi, shi ke nan. Ba ma tambaya ko waye yake ɗaure, waye aka tsinta a waje, mutum nawa ke kujerar gaba. Gidajen rediyonmu suna da awa guda ta gaishe-gaishe, amma ban taɓa jin an ɗauko tsohon gangan bel daga kasuwar kayan gyara an kwatanta wa masu saurare ƙwallon nan da ƙoƙonsa ba. Na gwada shi a majalisar Baffa washegari: na roƙi wani bakanike ya ba ni wanda aka cire daga matacciyar mota, na ba su suna karkata shi suna jin yadda yake cijewa. Mutanen da suka yi wa littafi dariya jiya suka yi ta miƙa wa juna abin kamar sabon rediyo. Mai Golf ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce shi duk zatonsa tsufa ne ke sa nasa yin haka.

Ranar da zan koma, Baffa ya ce zai sauke ni a bakin titi. Ya ɗaura bel a kan babbar rigarsa yana mita, ya ce in ta yamutse ni zan biya kuɗin guga. A Yashe na tarar da mota saura mutum biyu, duka a gaba. Na biya kuɗin kujerun biyu, ɗan kamasho yana kallona kamar wanda ya zo da sabon addini. Na zauna, na jawo igiyar a hankali, ta taho da ƙurarta, na laluba gefen kujera ina neman makulli. Babu. Kusoshin da suka taɓa riƙe shi ne kawai suka rage. Direban ya tayar da mota, ya dube ni ya ce, "Riƙe da hannu kawai, Malam, ba sa leƙowa."